Fito a rufin mota: ƙarar da direbobi ke rainawa har sai ruwa ya sauko musu

Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramar bas daga Maraɗi zuwa Yamai ya san sautin. Mota na fita gari ta kama kwalta, allurar gudu ta haura 70 ko 80, sai wani siririn fito ya tashi daga sama, kamar yaro na busa a bakin kwalba. Direba ya ƙara muryar rediyo, fasinja su ja rawani ko gyale su rufe kunne. A haka za a ci sama da kilomita 600, ta Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, fito bai huta ba.

Yawancin masu mota ba sa lissafa wannan a cikin lalacewa, tunda inji na ja, birki na kamawa. Alhali sau da yawa fiton na nufin wata roba a rufi ko a saman ƙofa ta mutu, kuma hanyar da iska ta samu ita ce ƙura za ta bi da hunturu, ita ce ruwa zai bi da damina. A yankin Maraɗi ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba, amma mafi yawansa yana zuba ne tsakanin Yuli da Agusta, da ƙarfi, da iska a gabansa. Ƴar kafar da ta yi wata tara tana fito kawai, ruwa biyu ko uku sun ishe ta ta jiƙa silin, ta taɓa wayoyin fitila, ta kafa tsatsa a inda ido ba ya kaiwa.

Motocin da aka huda wa rufi

Matsalar ta fi tsanani a motocin da aka yanka wa rufi da gangan, kuma uwarsu duka ita ce motar kwana, wadda Faransawa ke kira kamfin-kar. Bas ce ta ɗaukar kaya da aka mayar ɗaki: gado, murhun gas, tankin ruwa, wani lokaci har da makewayi. Tun shekarun 1950 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara yi wa motocin Volkswagen wannan aiki, daga baya aka ƙara musu rufin da ake ɗagawa sama idan an yi zango. A yau mafi yawan irin waɗannan motoci a Turai ana gina su ne a kan Fiat Ducato, wasu a kan Mercedes Sprinter ko Ford Transit.

Dattawan Agadas da Arlit ba baƙi ba ne da su. A shekarun 1980, zamanin da tseren Paris-Dakar ke ratsa Nijar, Turawa masu yawon buɗe ido sun riƙa ƙetaro hamada daga Aljeriya, ta Tamanrasset da Assamaka, wasunsu cikin irin waɗannan motoci, wasu da Peugeot ɗin da za su sayar idan sun iso. Wannan zamani ya wuce tare da tsaron hanyar. Abin da ya rage shi ne kasuwar motocin hannu: bas-bas ɗin da suka gama aiki a Turai, waɗanda aka daɗe ana shigo da su ta tashar ruwan Kwatano, kuma tun bayan rufe iyaka da Benin a 2023 hanya ta koma ta Lome. A cikinsu akwai tsoffin motocin kwana, motocin asibiti, motocin kamfanonin gyara. Kowace na zuwa da tarihinta a rufi: tagar sama, fanka, ramin eriya, gurbin fitilar gaggawa da aka cire aka toshe. Idan ta iso, ana fidda gadon a jera kujeru, a yi fenti, a ɗora ƙarfen ɗaura kaya, wanda shi ma sai an huda masa wuri ko an matse shi a gefen rufi. Rufin da ya fito masana'anta falle ɗaya ya koma mai ramuka goma, kowane rami kuwa roba ko gam ne ke tsaronsa.

Tagar sama mafi yawa a motocin kwana tana zama ne a rami mai santimita 40 kowane gefe. Wannan awo ya zama kamar ƙa'ida, shi ya sa tagar Dometic ko ta Fiamma kan shiga gurbin juna. Tana da wuraren toshewa biyu, kuma bambanta su shi ne rabin gyara. Na farko robar da murfi ke sauka a kanta idan an rufe. Na biyu shimfiɗar da ke tsakanin bakin tagar da ƙarfen rufi, wadda ba a ganinta sai an kwance tagar. Fito na iya fitowa daga kowanne, amma ruwan da ke ruɓar da mota yawanci ta na biyun yake bi.

Me ya sa sai an yi gudu?

Mutane da yawa na zaton iska danna rufi take yi ƙasa. Akasin haka ne. Iskar da ta haye gilashin gaba tana ƙara sauri idan ta hau rufi, sai nauyinta a kan ƙarfen ya ragu, ta koma tana tsotsar duk abin da ke wurin zuwa sama. Murfin tagar da ke kwance lafiya a tasha, idan mota ta yi gudu yakan ɗan ɗago, ko da kaurin farce ne. Roba mai rai tana bin sa ta cike gurbin. Wadda ta bushe takan tsaya a inda take, sai iskar cikin mota ta fara tserewa ta siririyar kafar, kuma wannan tserewar ce kunne ke ji.

Lissafin injiniyoyi kan ƙarar iska ya nuna dalilin da ya sa ba a jin komai cikin gari. Ƙarfin ƙarar ba ya tafiya daidai da gudu, ninkuwa yake yi: idan gudu ya ninka biyu, daga kilomita 50 zuwa 100 a awa, ƙarfin sautin na iya ninkawa kusan sau 64, wato ƙarin desibel 18 ko kusa da haka. A kunnen mutum hakan kamar sautin ya ninka sau uku ne da ɗoriya. Shi ya sa makanikin da ya zagaya unguwa da motar ya dawo ya ce bai ji komai ba, ba ƙarya ya yi ba. Gwajin wannan cuta sai a kwalta.

Sautin ma kala-kala ne, kuma kowane na nuna inda ya fito. Siririn fito mai kaifi na nuna ƙaramar kafa. Huci kamar na taya mai sacewa na nuna robar da ta saki a dogon layi. Ƙugi mai kauri da ke tashi yana sauka tare da gudu galibi ba na roba ba ne sam, na sandunan ɗaura kaya ne. Shi kuwa bugun nan da ke cika kunne kamar ana kaɗa ganga, wanda ke zuwa idan an buɗe gilashi guda ko an bar tagar sama a buɗe, ba lalacewa ba ce. Da an ɗan sauke wani gilashin a ɗaya gefen sai ya ɗauke.

Rana da ƙura

Robar ƙofofi da tagogin mota yawanci ana yin ta da wani nau'i da ake kira EPDM, wanda aka zaɓa saboda yana jure rana. Jurewar ma tana da iyaka. Motar da ta yi shekara goma sha biyar a Beljiyam ko Jamus, ta iso da robar da ta riga ta tsufa, sai ta tarar da Afrilu da Mayu na Tawa, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa, rufin ƙarfe kuma ba ya taɓuwa da tafin hannu da tsakar rana. Robar kan kwanta ta daina komawa siffarta, ta yi tauri, ta tsattsage a kusurwa. Tana kuma ƙanƙancewa, shi ya sa ake ganin giɓi a inda bakunanta biyu suka haɗu.

Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Bakin tagar roba ce mai tauri, rufi kuwa ƙarfe, kuma ba sa buɗewa daidai idan sun ɗauki zafi. Kullum da rana ɗaya na miƙewa fiye da ɗaya, da dare su koma, shimfiɗar da ke tsakaninsu ita ke shan ja. A zo ga ƙurar hunturu, mai laushi kamar gari, wadda ke shiga tsakanin murfi da roba. Mota na girgiza a hanyar burji, ƙurar na goga, kamar ana bi da takardar yashi a hankali.

Sai kuma ɓarnar da hannu ke yi da kyakkyawar niyya. Yaran mota da masu wanki kan shafa wa roba baƙin mai, giris ko gazuwal don ta yi sheƙi ta yi laushi. Kwana biyu za ta yi kyau. Amma wannan nau'in roba ba ya shiri da duk abin da ya fito daga man fetur: yana kumbura, ya yi laɓo-laɓo, ya rasa ƙarfi. Abin da ya dace da ita shi ne wanki da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe, a shafa man silikon na feshi, ko gilisarin da ake samu a kantin magani.

A nemo wurin kafin a sayi gam

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne hawa rufi da bututun gam a bi ana shafawa duk inda ido ya raina. Kunne ba ya iya nuna wurin sauti a cikin mota, domin ƙarfe da silin na yawo da shi. Fiton da ake ji a kan direba na iya fitowa daga tagar da ke tsakiyar rufi.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta salatif, irin na takarda da masu fenti ke amfani da shi. A rufe gefen tagar gaba ɗaya daga waje, a hau kwalta da gudun da fiton ke tashi. Idan ya ɗauke, an kama unguwar ɓarawon. Sai a dawo a cire salatif na gefe ɗaya, a sake gwadawa, har a gano gefen da ke da laifi. Idan an rufe tagar duka fito bai daina ba, a bar ta, a koma saman ƙofofi, gefen gilashin gaba, gindin eriya da ƙafafun ƙarfen kaya, ɗaya bayan ɗaya. Aikin na son mutum biyu: ɗaya na tuƙi, ɗaya na baya yana saurare. Direba ba ya neman sauti da hannu yana kan gudu.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar ko tayar da inji. A yanki ƴar takarda, a sa ta a kan roba, a rufe murfin ko ƙofar a kanta, a ja. Inda roba ke da rai takardar za ta yi gardama. Inda ta zare ba wuya, nan ne kafar. A bi gefen duka taƙi-taƙi, musamman kusurwoyi. Wasu masu gyaran jikin mota kan goga alli a robar su rufe su buɗe, wurin da allin bai bar shaida a ɗaya gefen ba, ba ya taɓawa. Motar da fankarta ke aiki kuma ana iya rufe ko'ina, a kunna fankar har ƙarshe tana jawo iskar waje, a shafa ruwan sabulu a kan layin robar daga sama. Inda iska ke fita zai yi kumfa, kamar yadda mai faci ke neman huda a tif.

Kafin a yanke wa roba hukunci, a duba maƙullin murfin da maratayinsa. Sau da yawa robar lafiyarta ƙalau, hannun da ke jawo murfin ƙasa ne ya saki ko ya karye. A kuma duba ta ina tagar ke fuskanta. Maratayin ya kamata ya kasance ta gaban mota, yadda iska za ta bi ta kan murfin. Tagar da aka kwance aka mayar a juye, bakinta na kallon gaba, ba robar da za ta hana ta kuka, kuma wata rana iska na iya tafiya da murfin.

Gyaran

Idan robar murfi ce ta kwanta amma ba ta yage ba, akwai dabarar da ke ƙara mata kwana. Yawancin irin wannan roba tana da rami a cikinta. Ana zura mata siririn tiyo mai laushi, kamar na ruwan wanke gilashi, bayan an jiƙa shi da ruwan sabulu, sai ta sake cika ta tashi. Idan ta tsage, sai sauyi. A yanko guntun tsohuwar a tafi da shi wurin masu kayan gyara, domin siffar bakin robar ta fi tsawonta muhimmanci. Wajen sawa kada a ja ta, tura ta ake yi cikin gurbi; robar da aka miƙe da ƙarfi takan koma daga baya ta bar giɓi. Mahaɗar bakunan biyu kuma a ajiye ta ta baya, ba ta inda iska ke fara bugu ba. Soso mai gam a baya da ake sayarwa don ƙofofin gida na kashe fito na ɗan lokaci, amma yana shan ruwa, zafin rufi kuma ba ya barinsa ya kai wata damina.

Idan shimfiɗar ƙasa ce ta mutu, babu gajeriyar hanya: sai an kwance tagar. A fidda sukurori daga ciki, a ɗaga bakin a hankali da abin roba ko katako don kada a kankare fenti, a cire tsohon gam tas. Duk tsatsar da aka tarar a bakin ramin a goge ta har farin ƙarfe ya fito, a shafa fentin kariya, a bari ya bushe. Rufin irin su Ducato da Sprinter yana da kwarin-kwari, ba shimfiɗe yake ba, don haka sai an cike kwarin ya daidaita kafin tagar ta zauna. Masu haɗa motocin kwana na amfani da butil, wani abu mai danƙo da ke zuwa a naɗe kamar igiya, wanda ba ya bushewa ya yi tauri, shi ya sa yake bin ƙarfe idan ya miƙe. Wasu na amfani da gam irin na Sikaflex, wanda masu sa gilashin mota suka sani. Shi yana kamawa da ƙarfi, har kwance tagar nan gaba kan zama aiki.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne silikon na gini, mai warin tsami, wanda ake toshe bakin bahon wanka da shi. Shi ne mafi araha, shi ne kuma aka fi gani an lafta a rufin motoci a tasha. Wannan warin ruwan tsami ne da yake fitarwa yayin bushewa, kuma yana cin ƙarfen da ba fenti. Bayan wata ƴan kaɗan gefensa kan ɗago, ruwa ya shige ƙarƙashi ya kwanta. Mafi muni, babu gam ɗin da ke kamawa a inda silikon ya taɓa zama sai an kankare shi ƙarƙaf, don haka ƴan ɗaruruwan da aka tsimi yau su ne ke ninka kuɗin aikin gobe.

Lokacin aiki ma yana da tasiri. Gam irin na Sikaflex da damshin iska yake bushewa, saboda haka a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, yana ɗaukar lokaci fiye da yadda aka saba. A kan rufi mai zafi kuma fatarsa kan kama kafin a gama daidaita tagar. A yi aikin da sassafe, a inuwa, a bar motar ta kwana. Sukurori a ɗaure su bi da bi, kusurwa da kishiyarta, a tsaya da zarar shimfiɗar ta fara leƙowa ta gefe. Ɗauri fiye da kima na lanƙwasa bakin tagar ko ya tsaga shi, a koma gidan jiya.

Wani gargaɗi ga masu ainihin motar kwana. Wasu tagogin sama an ƙera su da ƴar hanyar iska da ba ta rufuwa ko an kulle murfi. Ba kuskuren masana'anta ba ne. Ƙa'idar Turai ta tilasta wa motocin da ake kwana da girki a ciki su kasance da mashigar iska ta dindindin. Irin wannan taga tana ɗan huci a kan hanya ko sabuwa ce. Wanda ke kwana a motar ko yake ajiye tukunyar gas a ciki, kada ya toshe ta don neman shiru. Abin da ake yi shi ne a kafa ɗan shinge mai gangara a gaban tagar, ya ɗauke iska ta haye ta sama.

Ƙarfen kaya da ƙofar baya

A motocin haya na ƙasar nan, inda buhuna, babura da awaki ke hawa sama, ƙarfen ɗaura kaya na da nasa kukan, kuma an fi jin sa idan mota ta dawo ba lodi. Iska idan ta bugi sanda mai zagaye takan rabu tana juyawa ta bayanta, hagu da dama, da sauri mai tsari. Sanda mai kaurin santimita biyu da rabi, a gudun kilomita 100, tana ba da sauti mai bugu wajen 220 a daƙiƙa, ƙugin da ke ratsa rufi har cikin kai. Maganinsa na hannun kowane yaron mota: a naɗe sandar gaba da igiya a karkace, da tazarar yatsu uku ko huɗu tsakanin naɗi, a ɗaure bakin da kyau. Igiyar na wargaza tsarin juyawar iskar. Bututun da bakinsa ke buɗe a toshe shi, domin busa yake yi kamar sarewa, kuma ruwa na taruwa a ciki. Bakin tamfol da jelar igiyar da ke kaɗawa su ma a ɗaure su.

Ƙafafun ƙarfen sun fi sandunan haɗari ga jikin mota. Lodi mai nauyi a hanya mai ramuka na motsa su, ramin noti ya faɗaɗa, gefen rufi ya tsage. Idan an ga jan layi na tsatsa na gangarowa daga gindin ƙafa, ruwa ya riga ya samu hanya.

Robar da aka fi mantawa da ita kuwa ita ce ta ƙofar baya, kuma a nan maganar ta wuce ta ƙara. Bayan bas mai gudu iska na juyawa ta dawo ta manne da ƙofa, shi ya sa gilashin baya ke fin ko'ina ƙura. Hayaƙin salansa na cikin wannan iskar. Idan robar ƙofar ta mutu, kuma ga taga a buɗe a sama ko a gaba tana tsotsar iskar ciki, hayaƙin na shigowa ta baya. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kawo ciwon kai, jiri da barci. Fasinjan kujerar ƙarshe da ke sauka a Damagaram da farar ƙura a gira da kai mai sarawa yakan ɗora laifin a kan doguwar tafiya, mai yiwuwa kuma ƙofar da ya jingina da ita ce. Ƙurar da ke kwanciya a kan kaya na baya alama ce da ba ta buƙatar na'ura.

Ga direba kuma, tafiyar Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ce. Ƙara mai ɗorewa na gajiyar da mutum, tana kuma rufe sautukan da ya kamata ya ji da wuri: taya da ta fara ɓarewa, kukan boris, igiyar lodi da ta tsinke. Ƙara muryar rediyo na ƙara rufe su ne.

Mai shirin sayen irin waɗannan motoci a wuraren dillalai, a Yamai ko a Maraɗi, yakan duba inji, ya leƙa ƙarƙashi, ya buga taya, ba kasafai yake neman tsani ba. Ya hau ya ga rufin da idonsa, ya ƙirga ramukan da aka toshe da abin da aka toshe su da shi. A ciki ya danna silin da yatsa kewaye da taga da kusurwoyi, ya nemi tabon ruwa mai launin shayi, ya shaƙi warin damshi. Sabon fenti a rufi kaɗai, jikin mota kuwa tsoho, dalili ne na ƙarin tambaya. Kafin a biya kuma, a fita da ita bayan gari, a rufe gilasai, a kashe rediyo, a kai ta 90.